Teburin Ummaru Bahago

Minanata,
Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aikinki. Na cusa wannan takarda a ƙasan jakarki, cikin zannuwan mahaifiyarki da kika ɗauka, don na san ba za ki gan ta ba sai kin zauna kin huce gajiya.

Kin san halin da maƙogwarona yake ciki. Muryar da a da ake ji tun daga nan har ƙauyukan bakin iyaka, yau ko ruwa nake so sai kin kawo kunnenki kusa da bakina. Shi ya sa a tasha zan riƙe hannunki kawai, ba zan ce komai ba. Za ki ɗauka kukan rabuwa ne ya hana ni. Akwai shi, amma akwai kunya ma.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana yadda kika bar shi. Roƙo gare ni guda ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi sai ƙarshe ba. Akwai mutumin da na ɓata wa suna a rediyo tun kina goye. Ya rasu ban wanke masa suna ba, ni kuma yanzu ba ni da murya. Ina so ke ki wanke shi da taki. Amma kafin ki ce kin yarda ko ba ki yarda ba, ya kamata ki san uban da kike cewa shi ya sa kika zama 'yar jarida.

Ranar da na samu aiki a gidan rediyo, na je gona na gaya wa kakanki. Yana cikin gero, bai ko ajiye hauya ba. Ya ce, "To mi a aikin naka?" Na ce zan riƙa zuwa ina jin abin da ya faru, in dawo in gaya wa mutane. Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Ashe gulma ta anka sa ma albashi. Allah Shi kyauta." Na ji haushi ƙwarai a ranar. Amma ki sani, yadda kakanki ya ɗauki aikin nan, haka rabin garin nan suka ɗauke shi har gobe. In kin shiga taron suna, za a yi miki shimfiɗa mai kyau, sannan a rage murya, wata ta taɓa wata ta ce ga 'yar jarida nan, a kama baki. Manya za su kira ki da sunanki, su tambayi lafiyar babanki, amma a ransu ke da maroƙi ba ku da bambanci, sai dai shi da kalangu ke da rakoda. Talaka kuwa, shi ne abin tausayi. Shi gani yake in ya faɗa miki kukansa, to ya faɗa wa gwamnati baki da baki. Cikin ukun nan, na farko ki yi haƙuri da su, na biyu kada ki yarda su ruɗe ki, na uku ki ji tsoron Allah a kansu.

Ni na biyun suka ruɗe ni, kuma ba da wani abu mai yawa ba. Kiran suna kawai. Wata shekara gulbi ya cika ya ci wani ƙauye, aka aike ni. Na tarar da wata tsohuwa zaune a kan tudun da rumbunta ya narke, tana tsince zangarniyar dawa daga cikin laka. Na kunna rakoda ta yi magana, ba kuka ba zagi, ta lissafa mini jikokin da take ci da su. Da ta gama sai ta riƙe bakin rigata, ta ce, "Ɗana, za su jiya?" Na ce za su ji, Inna, yau ɗin nan. Da na dawo gari sai na tarar wani babban mutum ya yi jawabin jaje, lokacin labarai kuma ba ya ɗaukar duka biyun. Na yanke tsohuwa, na bar jawabin cif, saboda mutumin nan duk inda ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sani namu!" Ba a sa ni ba, ni na zaɓa. In lokaci ya ƙure miki, Inno, kika ga dole a yanke wani, ki dubi wanda yake da wani bakin da zai yi magana da shi gobe, ki yanke shi. Babban mutum ba ya rasa inda za a ji shi. Kuma kada ki taɓa cewa mutum za a ji shi in ba ki da ikon cikawa. Ki ce za ki yi ƙoƙari, ya fi gaskiya.

Wannan ƙarami ne a kan abin da zan faɗa miki yanzu.

A gindin wani durumi kusa da Ƙofar Rini akwai teburin wani mahauci, Ummaru, ana ce masa Bahago saboda da hagu yake yanka nama. Fawa gadonsa ce, ubansa a nan ya yi, kakansa ma haka. Mahaifiyarki 'yar unguwar ce, tun tana yarinya naman gidansu ake ci a gidansu, da aka kawo ta gidana ma ba ta sake ba. Kullum in zan fita sai ta ce in biya wurin Ummaru in na taso. Mutum ne marar yawan magana, in ya auna miki kashi sai ya ɗora ɗan tozo a kai ba tare da ya dube ki ba.

Wata safiya ana sauke shanu daga mota a kara, kasuwar shanu, wata saniya ta zame ta karye, ta kwanta tana numfashi sama-sama. Kin san yadda ake yi. Dabba in ta kai haka ba a jiran a kai ta kwata, wato mayanka, nan take ake sa mata wuƙa tun da ranta, in ta yi motsi jini ya yi tsartuwa, ta halatta. Ummaru ya saye ta a kwance, aka kira wani malami da ke wurin ya yanka, mutane suna tsaye suna gani. Ba abin da ya saɓa wa shari'a ko al'adar mahauta. Duk wannan daga baya na sani.

Abin da na sani a ranar shi ne, wani mahauci da teburinsa ke kallon na Ummaru ya tare ni a hanya, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam Sani, kai ad da bakin faɗi. Saniyar da Bahago ya kasa yau, mushe ta. Ta mutu cikin mota kahin a sa mata wuƙa. Musulmi na cin haram, ku kuna nan." Na ɗauki muryarsa. Na samu mata biyu da suka ce lalle naman ya yi musu duhu a ido, na ɗauki tasu. Murna ta cika ni, domin na san labarin da zai tashi gari ke nan.

Ga inda nake so ki tsaya ki karanta a hankali. Daga inda nake tsaye zuwa teburin Ummaru bai kai taku talatin ba. Ina ganinsa, yana kore ƙuda da tsumma. Har ya ɗago ya yi mini hannu, yana zaton naman gida na zo karɓa. Ban je ba. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina wai lokaci ne ya ƙure, labaran ƙarfe biyar sun matso. Ƙarya ce. Tsoro nake yi kada in tambaye shi ya ba ni amsar da za ta kashe mini labari. Na fi son labarin a kan gaskiyarsa. Duk ranar da kika ji ƙafarki ta yi nauyi wajen zuwa jin ta bakin wanda ake zargi, to ki tuhumi kanki, ba lokaci ba ne. Ki je, ko da labarin zai mutu. Labari in ya mutu gobe akwai wani.

Na yi wata dabara kuma da nake ganin wayo ce. Ban faɗi sunansa ba. Na ce "wani mahauci bahago mai tebur a gindin durumi kusa da Ƙofar Rini." Inno, mahauci bahago nawa ne a gindin durumin nan? Amma da wannan na riƙa kare kaina, in an yi magana in ce ai ni ban kama sunan kowa ba. Kada ki fake da wannan. In maƙwabcin mutum zai gane shi daga bayaninki, kin faɗi sunansa, kin ƙara da ragwanci.

Washegari ba wanda ya tsaya a teburinsa. Nama ya wuni, ya canza, ya fara wari, masu wucewa suna toshe hanci suna cewa ga shi nan, rediyo ta yi gaskiya. Mutanenmu a lokacin in suna gardama, da ɗaya ya ce a rediyo na ji, magana ta ƙare. Wannan yardar ce na yanka Ummaru da ita.

Kwana uku yana zuwa ƙofar gidan rediyo, shi da malamin da ya yi yankan da wani dattijo daga wurin Sarkin Fawa. Suna zama a inuwar katanga tun hantsi har la'asar. Ina hango su ta taga. Na ce wa mai gadi duk wanda ya neme ni a ce na fita aiki. Editana mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya kira ni ya ce, "Sani, in ka san ba ka tabbatar ba, ka rubuta gyara mu karanta, ba a mutuwa don wannan." Na dube shi ido cikin ido na ce na tabbatar. A satin ne mutane suka fara nuna ni a kasuwa suna cewa ga yaron da ba ya tsoro. Na kasa sauka daga wannan dokin. Kuskure kowa yana yi, ɗiyata, aikin nan gudu ake yinsa, mai gudu kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Abin da ya mai da nawa zalunci shi ne kwana ukun nan. Gyara a rana ta biyu ɗan ɗaci ne kawai. In ya kwana shekara, ya zama dutse a ƙirji.

Mahaifiyarki ba ta yi mini faɗa ba, kin san halinta. Da safe zan fita, ta ce kamar kullum, "Malam, in ka taso ka biya wurin Ummaru." Na ce ba ki ji labarai ba? Ta ce, "Na jiya. Ka tambaye shi?" Na sunkuya ina sa takalmi. Ta ce, "Ni tun ina ɗiya ƙarama nika cin naman gidansu, ban taɓa ganin haram ba. Kai kwana guda ka gani daga nesa." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma kin tuna kina yarinya kina tambaya me ya sa Umma take kashe rediyo in Baba ya fara magana? Tana ce miki batir take tattali. Ba batir ba ne. Tun daga ranar nan, da ta ji muryata sai ta miƙa hannu ta murɗe. Duk lardin nan ana saurarena, ban da ɗakin matata. Na yi kamar ban lura ba, shekara bayan shekara, alhali ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamarsa. In kina so ki san ko aikinki na kirki ne, kada ki tambayi masu yaba miki a titi. Ki dubi wanda ya san ki tun ba ki zama kowa ba, ki ga ko yana iya sauraronki.

Ummaru ya ƙara ƙoƙari wata biyu, ya gaji. Ya kife teburin ubansa, ya koma aikin zuba wa fatu gishiri a wurin wasu, shi da yake da yaran aiki a ƙarƙashinsa. Sunan Bahago ya ɓace, aka koma ce masa Mai Mushe. Ni kuwa aka ƙara mini girma, aka ba ni shiri nawa na kaina.

Sai bayan shekaru masu yawa muka haɗu gaba da gaba, a wata jana'iza a Ƙofar Atiku. An idar da salla na juya, sai ga shi a kafaɗata, ashe sahu ɗaya muka tsaya. Ya tsufa, gishiri ya cinye masa hannuwa sun tsattsage. Ba hanyar gudu. Shi ya fara miƙo hannu, ya tambayi iyali, ya tambayi mahaifiyarki da sunanta. Na ja shi gefe, na ce Malam Ummaru ka yafe mini, na zalunce ka. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam Sani, abin da kac ci nawa, na bar ma Allah, na yahe. Amma sunan ga ba nau ba na ni ɗai. Na ubana na, kuma ɗiyana za su gade shi. Gaban duniya kaz zubar da shi, ba nan bayan masallaci za ka kwashe shi ba. Inda kaf faɗi waccan, can za ka faɗi wagga."

Na ce wallahi zan yi, satin nan. Na rubuta gyaran a daren, na sa a aljihu. Ranar shirina na zauna gaban abin magana da takardar a hannu, sai na tuna kina sakandare, ana nuna ki ana cewa ga 'yar Sani Mai Gaskiya. Na ce bari sai ta gama. Da kika gama na ce bari sai na kusa ritaya, don kada abin ya taɓa aikina. Da ritaya ta zo aka shirya mini walima, ana ta yabo, na ce ba yau ba. Sai ciwon mahaifiyarki, sai rasuwarta, sai maƙogwaro. Ummaru ya rasu damina biyu da suka wuce. Na je gaisuwa, na zauna a bakin tabarma da takardar nan a aljihuna, ban iya ko buɗe baki a ji ni ba. Gobe ita ce ta cinye ni, Inno. Ki ji tsoronta fiye da yadda kike tsoron kowane mai mulki.

Da a ce abin ya mutu da shi, da wataƙila na haɗiye na tafi da shi kabari, in je in amsa a can. Amma bai mutu ba. Babban ɗansa, Nasiru, ya sake kafa tebur a gindin durumin nan. Watan jiya na sa mai adaidaita ya bi da ni ta wurin. Nama mai kyau, ja wur, yaron yana tsaye da farin ƙyalle. Ina kallo wata mata ta nufi teburin, abokiyar tafiyarta ta ja mayafinta, ta ce, "Ke, ɗan Mai Mushe na." Suka tsallaka gaba. Matan nan ba su kai shekarunki ba. Ba su taɓa jin muryata ba, ba su san sunana ba, amma maganata suke maimaitawa. Mu a lokacinmu sau ɗaya ake faɗa iska ta ɗauka, ga shi har yau ba ta sauka ba. Ku kuwa naku yana zaune a cikin wayar kowa, ana turawa ana sake turawa. Ki auna da kanki.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. Kin shiga aikin nan da sunana a goshinki, na ji da kunnena kina gaya wa ƙawayenki cewa babanki bai taɓa faɗin ƙarya a rediyo ba. Ranar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Yanzu ina cewa ki fara aikinki da tona asirin ubanki. Za a yi magana, wasu za su yi dariya, wasu za su ce ai dama 'yan jarida duk haka suke. Ki bar su su faɗa, a kaina sun yi gaskiya. Ba umarni nake ba ki ba, don ba ke kika ci haƙƙin ba, kuma in kin ƙi, albarkata tana tare da ke ba ragi. Tasharku ana kama ta a Sakkwato, na bincika. In manyanki sun ba ki dama, ko minti ɗaya ne, ki karanta. In sun hana, ki ɗauka da wayarki ki sake shi, ki tabbata ya kai Ƙofar Rini. Kuma kafin ki yi, ki yi abin da ni ban yi ba. Ki kira Nasiru ki ji ta bakinsa. Malamin da ya yi yankan yana raye, ya tsufa amma hankalinsa garau, Nasiru zai kai ki wurinsa. Kada ki yarda da maganata don ni ubanki ne. Ki tabbatar.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ta yi laushi don daɗewa a aljihu. Ko da rubutun ya dushe, ga abin da ke ciki:

"Ni Sani, wanda na yi aikin labarai a gidan rediyo a Sakkwato, na taɓa faɗa wa jama'a cewa Malam Ummaru Bahago, mahauci a Ƙofar Rini, ya sayar da mushe. Ban tambaye shi ba, ban tabbatar ba. Saniyar da ranta aka yanka ta, a gaban shaidu. Namansa halal ne. Ni na yi ƙarya."

A da na rubuta "na yi kuskure," daga baya na soke. Ki karanta yadda na bar shi.

Sauran kuma, ki riƙe salla a kan lokaci ko da labari yana ƙonewa. Kada ki bi motar dare don kawai ki riga wasu isa. In kin je wurin da aka yi rashi, ki yi gaisuwa kafin ki ciro rakoda. Ki ci abinci, na san halinki in aiki ya kama ki.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da sharrin mai sharri da yabon mai ruɗi. Allah Ya tsare harshenki fiye da yadda na tsare nawa. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya jiƙan Malam Ummaru, Ya sa in samu abin faɗa in mun haɗu. Amin.

Rediyon mahaifiyarki tana nan a kan taga inda ta bar ta. Tun rasuwarta ban taɓa ta ba. Jiya na goge ƙurar, na sa mata sabon batir, na juya ta zuwa tasharku. Zan bar ta a kunne.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani.